Wa ya kai wasannin 'yan luwaɗi Hong Kong: gwamnati, Turawa, ko 'yan gari?

Alhajin Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Wani saƙo aka turo mini da asuba, na ga ya shafe mu tunda da yawanmu ta can muke bi. Ga abin da ya ce: "Gwamnatin Hong Kong ta karɓi maƙudan kuɗi daga hannun Turawa domin ta shirya gasar wasannin 'yan luwaɗi da maɗigo ta duniya. Ita da kanta ta je ta roƙa a ba ta, birnin ya kwashi riba, yanzu kuma Afirka suka nufa." Ni dai na gaskata, don ruwa ba ya tsami banza. Shekara goma sha bakwai ina sauka a garin nan kafin in tsallaka Guangzhou, na san mutanensa ba sa motsi sai sun ji ƙamshin kuɗi. Tambayata ita ce, ya dace mu ci gaba da kai musu dukiyarmu?

Mai Waya: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. An yi wasannin kam, Gay Games suke ce musu, daga 3 zuwa 11 ga Nuwamban 2023. Ina garin a wannan makon, na sauka a Chungking Mansions kamar kullum, ina jiran kayana su fito daga Shenzhen. Wallahi ba don labarai da na gani a waya ba, da ban san ana wani taro ba. Titin Nathan yana nan yadda kuka san shi, na yi sallar Juma'a a masallacin Kowloon, babu tuta babu ganga. Garin da ya kwashi riba ai a titi ake ganin alama.

Alhajin Kwari: Ɗana, kai kana ɗakin kwanan 'yan kasuwa kana ƙirga kwalaye. Inda ake zuba irin wannan kuɗi ba nan kake shiga ba.

Ɗan Makaranta: Ranka ya daɗe Baba, ku ba ni dama in warware abin daga tushe, don na bi labarin tun ina shekarar farko a jami'a a nan Guangzhou. Ba gwamnati ce take neman wannan gasa ba. Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta da ta mallaki sunan wasannin, ita ce take zaɓar gari, kuma masu nema gungun 'yan sa-kai ne na garin. A Oktoban 2017 aka zauna a Paris, garuruwa uku suka kai zagayen ƙarshe: Washington, da Guadalajara ta Meziko, da Hong Kong. Hong Kong ta ci, karo na farko ke nan da aka ba wani gari a Asiya. Shugabar yankin ta lokacin, Carrie Lam, da aka tambaye ta, iyakar abin da ta ce shi ne ta ji labari. Ko barka ba ta yi musu ba. Gwamnati ba ta zuba musu kuɗi ba, daga kamfanoni da kuɗin rajistar 'yan wasa suka haɗa abin da suka kashe. Wasu hukumomi kamar ta yawon buɗe ido sun yarda a sa sunansu cikin masu goyon baya, shi ke nan. Babban abin da ya wahalar da masu shiryawa ma shi ne filin wasa. An buɗe taron an kuma rufe shi a zauren Queen Elizabeth da ke Wan Chai, wanda na gwamnati ne, amma yawancin sauran wasannin a filayen makarantu da kulob-kulob masu zaman kansu aka yi su. Wasu wasannin, har da guje-guje da tsalle-tsalle na cikin fili, sokewa aka yi. Gwamnatin da ta ci kuɗi don ta yi biki ba ta barin baƙinta suna yawon neman wurin gudu.

Alhajin Kwari: To wa ya jagoranci neman? Faɗa mana sunansa da ƙasarsa.

Ɗan Makaranta: Dennis Philipse ake ce masa, ɗan ƙasar Holan ne da yake zaune a Hong Kong. Shi ya fara tunanin, ya kuma jagoranci neman, sannan ya sauka a farkon 2022.

Alhajin Kwari: Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗa. Bature ne. To me ya rage na musu?

Hajiyar Maraɗi: Alhaji ya kama ka a nan, yaro. Ba sai an kawo kuɗi cikin buhu ba. Manyan bankuna da kamfanonin Turai da suke garin su ne suke ɗaukar nauyin irin waɗannan abubuwa, kuma gwamnati ta san in ta hana za su ce garin ya daina zama na kowa da kowa su kwashe ofisoshinsu. Wannan ma tilas ne, sai dai tilas mai sanye da kwat.

Barista: Hajiya, maganarki tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce maganar da ke cikin saƙon ba. Saƙon ya yi da'awa huɗu: gwamnati ta karɓi kuɗi, ita ta nema, an ci riba, Afirka ce ta gaba. A kotu kowace da'awa da shaidarta. Don Bature ɗaya ya jagoranci kwamiti, ba ya nufin an biya gwamnati. Bayan ya sauka ma wata 'yar garin, Lisa Lam, tana cikin mutum biyun da suka riƙe ragamar har aka gama. Kuma ku duba wanda ya tsaya musu a siyasa. Regina Ip ce, jagorar majalisar zartarwa, tsohuwar sakatariyar tsaro, macen da duk Hong Kong ta san ta da biyayya ga Beijing. Ita ta hau mumbari ranar buɗewa. Wanda ya fi kowa yaƙar wasannin kuma, Junius Ho, shi ma ɗan gidan Beijing ne. Tun 2021 ya miƙe a majalisa ya ce abin kunya ne, ya ce ko da kuɗi za su shigo ƙazamin kuɗi ne ba ya so. Da lokaci ya matso, shi da wasu 'yan majalisa suka ce taron barazana ne ga tsaron ƙasa. Wato rigimar ta cikin gida ce, tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Sannan wasu 'yan gwagwarmayar kare haƙƙin ɗan Adam na Hong Kong, waɗanda Turawa suke tausayawa, su ma sun rubuta takarda a 2023 suna cewa a soke wasannin, wai masu shiryawa sun haɗa kai da masu danne jama'a. Ƙungiyar Taiwan ta ƙi tura 'yan wasanta saboda tsoron dokar tsaron ƙasa ta 2020. In shirin Turawa ne tsantsa, me ya sa nasu suke cewa kada a je?

Hajiyar Maraɗi: Barista, siyasarsu ta cikin gida ban san ta ba, na bar maka. Amma riba fa? Ba wanda zai yi wahalar shekara shida a banza.

Mai Waya: Hajiya ke 'yar kasuwa ce, ga lissafi. Sun ce za a samu 'yan wasa 12,000, kuma garin zai samu dalar Hong Kong biliyan 1. Korona ta zo, aka ɗage daga 2022 zuwa 2023. Kin tuna lokacin da ake kulle mutum a otal har kwana 21 kafin ya shiga gari? Saboda wannan ne aka raba gasar biyu, aka ba Guadalajara rabi, garin da aka kayar a 2017. Da aka tashi yi, waɗanda suka yi wasa a Hong Kong ba su kai 2,500 ba. Wanda ya yi odar kwantena biyar aka sauke masa ɗaya, ba ya cewa ya ci kasuwa.

Baban Ohio: Ku bari in sa baki, ni da nake tuƙin tasi a jihar da aka taɓa yin wannan abu. Labarin riba a irin wannan taro tsohon zance ne, kowane gari da shi ake jan hankalinsa. Wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya kife. Montreal ta Kanada aka ba na 2006, suka saɓa da uwar ƙungiyar a kan kuɗi da yawan mahalarta, aka ƙwace aka kai Chicago. Montreal ta yi fushi ta shirya nata daban, ta tashi da giɓin sama da dalar Kanada miliyan 5, masu bin bashi suka rasa inda za su kama. A Miami kuma a 2017, wata gasar makamanciyar wannan, mutane sun riga sun sauka daga jirgi aka ce musu an soke kusan komai, babu kuɗi. A nan Ohio, Cleveland da Akron suka yi na 2014, kuma su kam sun ce sun samu alheri, har jami'a ta yi musu lissafin sama da dala miliyan 50. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba lissafin ba ne. Watanni kafin wasannin aka ɗora tallar gasar a kan motocin tasi na filin jirgin Cleveland. Direbobi kimanin 25, Musulmi, suka ce ba za su ja mota da wannan talla a kanta ba. Ba su zagi kowa ba, ba su ce a hana wasa ba, ba su ce ba za su ɗauki fasinja ba. Cewa suka yi kada a mai da su allon talla. Ƙarshenta dai barin layin filin jirgi suka yi aka sa wasu, kuma duk direba ya san layin filin jirgi shi ne tsoka. Don haka Baba Alhaji, ni ban yarda da saƙonku ba, ƙarya ta yi masa yawa. Amma tsoron da ya sa kuka gaskata shi, na san inda yake fitowa.

Alhajin Kwari: Allah ya yi maka albarka. Wannan shi ne abin da nake ji a jikina na kasa faɗa.

Malamin Unguwa: Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Abu biyu ne kada a cakuɗa su. Hukuncin aikin a shari'a ba wurin muhawara ba ne, haramun ne, kuma ba na jin akwai mai jayayya da wannan a cikinmu. Na biyu shi ne labari. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurati mu bincika labari kafin mu ɗauka, don kada mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ya kuma ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yin adalci. Ba a ce sai ga wanda muke so ba. Duk wanda ya ce gwamnati kaza ta ci cin hanci, ya ɗora wa kansa nauyin kawo hujja, ko da gwamnatin ta waɗanda ba sa salla ce. Alhaji, kai babba ne, abin da ka tura mutum ɗari za su tura. Game da ciniki kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Sayen waya ko yadi a Hong Kong ba tarayya ba ne cikin abin da wasu 'yan garin suka shirya.

Alhajin Kwari: Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan maganar kuɗin. Amma gwamnatin ba ta wanku ba. Ba ta nema ba, na ji. To me ya hana ta hanawa? Zaurenta ne, 'yan sandanta ne, bizarta ce. Wanda ya ga ɓarna a gidansa ya kau da kai, da shi aka yi.

Barista: Da wace doka za ta hana, Baba? Tun 1991 majalisar Hong Kong ta cire wannan daga jerin laifuka tsakanin manya a ɓoye, tun Ingila tana mulki. Dokar da aka cire ɗin ma Turawan Ingila ne suka kawo ta tun farko. Mutane sun yi rajista, sun biya kuɗin haya, za su yi iyo da ƙwallo da tseren kwale-kwale da wasan mahjong na 'yan Chaina. Kuma ba a tambayar kowa yadda yake rayuwarsa kafin ya shiga, ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya biya. Shugaban yankin, John Lee, cewa ya yi dole su bi doka, kuma a garin da babu dokar da aka karya iyakar abin da zai iya faɗa ke nan. Wannan ba Nijeriya ba ce, inda dokar 2014 ta hana har kafa irin waɗannan ƙungiyoyi.

Hajiyar Maraɗi: Doka ai mutane ke yin ta. In mafi yawan 'yan gari ba sa so, sai a bi su.

Barista: Hajiya, wannan ƙa'idar ki riƙe ta da kyau, don wuƙa ce mai baki biyu. A 2009 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 57 cikin ɗari suka ce a hana gina hasumiyar masallaci, alhali duk ƙasar hasumiya huɗu ce. Mafi rinjaye ne suka so. Mun ce zalunci ne, kuma zalunci ne. Masallacin Kowloon da Mai Waya ya yi Juma'a a cikinsa yana tsakiyar garin da Musulmi 'yan tsiraru ne. Abin da ya tsare shi shi ne ƙa'idar cewa gwamnati ba ta rufe wa mutum ƙofa don kawai maƙwabta ba sa son sa.

Hajiyar Maraɗi: Subhanallahi. Kada ka haɗa ɗakin Allah da wannan, Barista.

Barista: Ban haɗa su a daraja ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna miki ne cewa ma'aikacin da ke ba da hayar zaure a Wan Chai ba da ma'auninmu yake aunawa ba. A idonsa mu da su duk 'yan tsiraru ne masu neman wuri. Ranar da aka ba shi ikon korar wanda jama'a ba sa so, ba ki da tabbacin a kan wa zai fara.

Mai Waya: Anti Hajiya, ni wannan maganar ta taɓa ni, don na ɗanɗana. Afrilun 2020 ina Guangzhou lokacin da aka shiga korar baƙaƙen fata daga gidajen haya saboda korona. Mai gidan da na shekara uku ina biyansa ya ce in fita a daren. Otal uku na je, ana ganin fuskata ake cewa babu ɗaki. Kwana biyu na yi a ƙarƙashin gada da jakata, ni da wasu 'yan Mali da Inyamurai, har sai da maganar ta kai Abuja, kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Chaina. Ban yarda da abin da mutanen nan suke yi ba, ko kusa. Amma tun daga ranar, in na ji an ce a hana wasu mutane wurin kwana ko wurin taro don an tsane su, gabana faɗuwa yake yi.

Malamin Unguwa: Allah ya saka maka, abin da aka yi muku zalunci ne. Sai dai akwai bambanci. Kai an kore ka don launin da Allah ya halicce ka da shi, ba ka aikata komai ba. Taron da ake magana kuwa an kafa shi ne don a ɗaukaka wani aiki a mai da shi abin alfahari. Ban ce a hana kowa abinci ko wurin kwana ko magani ba, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya doki wani ko ya tara masa jama'a da sunan kishin addini, ya saɓa wa addinin, hukunci ba na 'yan unguwa ba ne. Amma ba wa mutum haƙƙinsa na rayuwa daban, shimfiɗa wa aikinsa darduma daban.

Ɗan Makaranta: Allah gafarta Malam, in ƙara wani abu a kan asalin taron, don a ji yadda su suke kallonsa. Wanda ya kafa shi likita ne Ba'amurke, Tom Waddell, ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko ya zo na shida a wasansa. Ya fara shi a San Francisco a 1982 da mutum 1,350. Hujjarsu ita ce ana korarsu daga ƙungiyoyin wasa ana yi musu ba'a, don haka suka yi nasu. Kuma Amurkar da ake cewa ita ke tura su, kwamitin Olamfik ɗinta ne ya kai su kotu ya hana su amfani da kalmar Olamfik, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a 1987, shekarar da Waddell ya mutu da cutar ƙanjamau. Ba ina kare su ba ne. Ina nuna cewa labarin bai miƙe yadda saƙon ya miƙar da shi ba.

Baban Ohio: Wannan Amurkar 1987 ce, ƙanena. A 2014 shugaban ƙasa Obama da kansa ya aiko da saƙon bidiyo ranar buɗewa a Cleveland. Abu ya juya. Kuma Barista, ina tare da kai a kan ƙa'idarka, amma ka faɗa wa masu ita su riƙe ta da hannu biyu. Paris ta karɓi wannan gasa a 2018 da sunan kowa ya zo yadda yake. Paris ɗin nan ce a Olamfik na 2024 Faransa ta hana 'yan wasanta mata sa hijabi. Idrissa Gana Gueye ya ƙi buga wa PSG wasa da Montpellier a Mayun 2022 don kada ya sa riga mai lambar bakan gizo, alamar 'yan luwaɗi, aka yi masa ca har sai da shugaban Senegal na lokacin Macky Sall ya fito ya tsaya masa. Mohamed Camara ɗan Mali ya rufe tambarin goyon bayansu da ke rigarsa a Monaco a 2024, aka dakatar da shi wasa huɗu. Su ma ba su hana kowa wasa ba. In 'yanci ne mutum ya yi taronsa, to 'yanci ne ni ma in ce ba da ni ba, kuma kada a taɓa abincina.

Barista: Ban da ja a nan ko kaɗan. Hukuncin Camara ni ma ban ga adalcinsa ba, haka hana hijabi. Wanda ya tilasta maka sa tambari da wanda ya hana wani hayar zaure, hannu ɗaya ne yake aiki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce tunda Faransa ta yi son kai, to ƙaryar da aka yi wa Hong Kong ta zama gaskiya.

Hajiyar Maraɗi: To saura ta huɗun. Afirka fa? Ni wannan ce ta hana ni barci, ina da jikoki.

Ɗan Makaranta: Na 2026 Valencia ta Sifaniya aka ba, na 2030 kuma Perth ta Ostireliya. A Valencia ma sai da rigima ta tashi, bayan zaɓen 2023 masu ra'ayin riƙau suka karɓi mulkin garin, ƙungiyoyin da suka nemo gasar suka janye daga shirin. A Afirka, Johannesburg ta taɓa kaiwa zagayen ƙarshe na neman gasar 2010, Cologne ta Jamus ta kayar da ita. Afirka ta Kudu kuwa tun 2006 dokarta ta halatta auren jinsi, ba yau ba. Babu yadda za a yi a kai taron ƙasar da dokarta ta haramta shi, kuma sai 'yan gari sun nema da kansu ake ma duba su.

Hajiyar Maraɗi: Yau ba su zo ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata biyu kafin wasannin ba kotun Hong Kong ta yanke wani hukunci a kan auren ba? Na ji a rediyo.

Barista: Ta yanke, a Satumban 2023, a ƙarar da wani ɗan gwagwarmaya Jimmy Sham ya shigar. Ba ta halatta auren ba, ta dai ba gwamnati shekara biyu ta samar da wata hanyar rajistar zamansu. Shari'ar ta faro shekaru kafin wasannin, ba su suka haife ta ba. Kuma da gwamnati ta kai ƙudurin majalisa a Satumban 2025, 'yan majalisa 71 suka ƙi, 14 suka yarda, ya faɗi. Shekara biyu ke nan bayan an yi gasar a garin.

Hajiyar Maraɗi: To ka ga ashe mafi rinjayen da ka ce in yi hattara da su, su ne suka tsaya.

Barista: Su ne, kuma ba a kulle kowa ba, ba a kori kowa daga gida ba. Majalisa ta ce ba za ta canja ma'anar aure ba, zaure kuma an ba da haya. Abu biyun sun zauna a gari ɗaya.

Hajiyar Maraɗi: A garinsu. Ni ban ga yadda za su zauna a nawa ba, kuma ba na fata.

Alhajin Kwari: Na koma wurin wanda ya turo mini saƙon na tambaye shi inda ya samo maganar kuɗin. Ya ce shi ma turo masa aka yi. Na ce ya goge, ni ma na goge a wurare uku da na tura, na rubuta musu cewa maganar cin kuɗi da ta riba da ta Afirka ba su tabbata ba. Wannan na yi don Allah da kuma maganar Malam. Amma Barista, ban sauka daga kan ra'ayina ba cewa shugaba yana da alhakin abin da ake yi a zaurensa. Hong Kong zan ci gaba da bi, don ta nan hanyar kayana take.

Baban Ohio: Allah gafarta Malam, tunda kana nan, ga tawa tambayar, kuma ba ta wasa ba ce. Motar da nake ja ta kamfani ce, su suke sa tallar da suka ga dama a kanta, kuma duk watan Yuni, watan da suke bikinsu a nan, ina kwana da fargabar abin da zan tarar da safe. Ina da 'ya'ya huɗu a nan, ga mahaifiyata a Gusau da nake aika wa duk wata. In na wayi gari an ɗora, in ajiye makulli kamar mutanen Cleveland, ko in ja motar zuciyata tana ƙi?

Malamin Unguwa: Kafin in ce komai, akwai wata motar a kamfanin da ba a sa mata talla, ko wani layin da za su iya mai da kai? Kuma takardar da ka sa wa hannu, me ta ce a kan wannan? Ka duba ka turo mini, don amsar wanda yake da mafita ba ɗaya ba ce da ta wanda ba shi da ita.

Baban Ohio: Takardar tana gida. In na sauke fasinjan ƙarshe zan ɗauki hotonta in turo.